Shafin Ƙarshe Yana Fakku

Assalamu alaikum jama'a. Masu cewa Sani Mai Iri ya yi kuɗi ya daina gaisuwa, ku sassauta mini. Wata uku ban leƙo nan ba saboda hanjina ne ya huje.

Da zazzaɓi abin ya fara, ranar kasuwar Tambuwal. Na sha ƙwayar kemis, na sha sabara, na ce gajiyar hanyar Kebbe ce. Kwana goma sha fuɗu ina wannan wayon, har cikina ya kumbura ya yi tauri kamar ganga.

A asibitin garinmu aka ɗebi jini, aka ce taifot, aka tura mu Sakkwato. Can aka yi hoto. Likita ya ce, "Hanji ya huje. Yau za mu yi aiki, ba gobe ba." Babur ɗina ya tafi a kuɗin aikin.

Aiki ya yi kyau, ni ne na lalace. Roba a hanci, roba a ciki, ƙarin ruwa a hannu. Kullum Sista Rabi, mai kula da ɗakinmu, sai ta ce, "Tashi ka taka, hanji ba ya farkawa a kwance." Ni kuwa na riga na sallama. Na juya fuska bango, na fara yi wa matata Hajara wasiyya.

Ta ce, "Wasiyyar mi, babur ɗin ma an sayar?" Ta ciro wani littafi daga jakar kasuwata ta aza mini a ƙirji.

Kun san sana'ata, irin albasa da na tumatir, ina ƙunshewa a takardun tsofaffin littattafai. Wannan na Turanci ne, ba bango, ba sunan marubuci. Turancina na sakandare ne, amma yana kai ni gida.

A labarin, annoba ta share duniya. Birane sun zama kufai, ba lantarki, ba fetur, ba gwamnati. Mutum bakwai suka rage a wani ƙauye mai sanyi, har da ma'aikacin banki da bai san ta ina ake tatsar saniya ba.

Ina karantawa ina fassara wa 'yan ɗaki. Maƙwabcin gadona, Baffa Juli, dattijon makiyayi daga Kebbe, ya yi dariya har ya dafe ɗinkinsa.

"Lantarki ya tafi sunka ce duniya ta ƙare? To mu tun yaushe munka ƙare?"

Amma littafin ya kama ni. Duk abin da muka raina shi ke da daraja a ciki: haƙa rijiya, adana iri, sanin ganyen da ake ci. Kakata na riƙa gani a kowane shafi. Marubucin sai ya yi shafi uku kan hura wuta da ɗanyen itace, kuma ba ka gajiya.

Sai yunwa ta matsa musu. Saura gwangwani ɗaya na irin shuka. Su dafa su ci, ko su jira lokacin shuka?

Na juya shafi. Babu.

Ni da hannuna na yage shi, don kullum daga baya nika fara yagar littafi.

Baffa ya ce, "Ci za su yi, Bahaushe. Na san yunwa."

Na ce, "Mai hankali ba ya cin iri."

Kwana biyu muna musu, na manta da wasiyya.

Hajara ta buga waya gida, aka bi waɗanda suka sayi iri a kasuwata ta ƙarshe. Wani mutumin Jabo ya hura wuta da takardarsa. Amma Malam Garba na garin Fakku bai kwance ƙunshinsa ba, lokacin zuba iri bai yi ba. Ya zo dubiya da shi a aljihu.

Sista Rabi ta tare shi a bakin ƙofa, ta ɗaga ƙunshin sama. "Mai son ƙarshen labari shi taso shi amsa."

Na ce, "Sista, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nika ji. Taso."

Gado shida ne tsakanina da ƙofa. Na kama ƙarfen ƙarin ruwa, Hajara ta kama ni, Baffa yana kora ni daga kwance da irin muryar da yake kora shanu. Na isa, gumi sharkaf.

Shafi ɗaya ne, na ƙarshe, duk ya yamutse. Sun shuka. Ma'aikacin bankin nan yana durƙushe yana kallon tsiron fari.

Baffa ya ce, "Ashe akwai manomi cikinsu."

Washegari hanji ya motsa. Ban taɓa ganin an yi wa tusa barka ba sai ranar. Daga nan kunu, daga kunu tuwo, daga tuwo sallama.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitoci da Sista Rabi, ya ƙara wa Baffa lafiya, ya bar ni da Hajara.

Shawarata: zazzaɓi ya wuce kwana uku, ku je a gwada jini, ku bar wayon kemis. Ku tafasa ruwan sha. In an ce ku taka, ku taka. Irin waɗannan littattafan kuma ku neme su, ku karanta kafin ku yaga.

Malam Garba kuwa na juye masa irinsa a leda, na riƙe takardar. Jiya ya kira ni, ya ce irin ya tsiro.