Hotunan da Aka Yanke wa Tsuntsaye

Mahaifina, Malam Isyaku mai hoto, ya yi shekara talatin da ɗoriya a wani ɗan shago a Gyadi-Gyadi. Rabin ɗaliban asibitin koyarwa shi ya ɗauke su fasfo, har da ni, 'yarsa Fiddausi, lokacin da zan shiga karatun nas. Da waya ta zo ta kashe sana'ar, bai zauna a majalisa yana zagin zamani ba. Ya rataya kyamararsa ya koma bakin wani kududdufi da ke bayan gidajenmu a Tarauni.

Tsuntsaye yake ɗauka. Ba balbela ba, wasu 'yan mitsi-mitsi ne masu ƙafa kamar tsinke, da sanyi suke zuwa, su yi ta gudu a bakin ruwa suna caccakar taɓo. In ya dawo daga sallar asuba sai ya shimfiɗa buhu ya kwanta rub da ciki, dattijo da furfurarsa, ya yi awa biyu ko tari ba ya yi. Ya san wadda take ɗingishi, ya san shekarar da suka makara. Mutanen unguwa ba abin da ba su faɗa ba, har da masu cewa aljanun ruwa ne suka shafe shi. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Bara aka fara ƙishin-ƙishin za a cike kududdufin a yanka shaguna. Baba ya rage cin abinci. Ana cikin haka sai ga Alhaji Murtala, shugaban kwamitin unguwa, ya yi sallama da zaƙin bakinsa, wai za su rubuta wa hukuma takarda a kan kududdufin, suna neman tsofaffin hotuna. Baba ya ɗauka ceto ne ya zo. Kwana uku yana zaɓe, ya wanke guda arba'in, ya rubuta wa kowanne kwanan wata a baya, ya kai masa har gida da hannunsa.

Ashe kura ce da fatar akuya. Mutumin nan ya kai hotunan wurin mai kwamfuta aka yanke tsuntsayen kaf, aka bar leda da koren ruwa da bolar da ke gefe. Su aka liƙa a takardar da ke cewa kududdufin gidan sauro ne, a taimaka a cike shi. Don rashin ta-ido, a ƙarƙashin kowane hoto aka rubuta sunan Baba. Wallahi duk lokacin da na tuna sai haushi ya kama ni.

Ban ce babu sauro ba, ni nake ɗaura wa yara ruwa in zazzaɓi ya kayar da su. Amma kwatocin unguwar har yau a toshe suke, ba wanda ya rubuta musu takarda, tunda ba a yanka shago a kwata.

Wadda na fi jin haushi kuwa ni ce. Wata rana na sauko daga adaidaita a gajiye, matar Alhajin, Hajiya Ladi, ta tare ni da takarda, ta ce ta neman a kwashe shara ce, ana so sunan ma'aikatan lafiya ya zo a sama. Na ɗora a cinya na sa hannu. Ni da nake yi wa majinyata faɗa su karanta kafin su sa hannu a yi musu aiki. Sai da tifofi suka fara zuba jar ƙasa na gane abin da na yi, na kuma ɓoye wa Baba.

Mako uku suka gama da ruwan. Da sanyi ya shigo tsuntsayen suka zo kamar kullum, suka yi ta shawagi a kan tulin bulo, kwana biyu suka wuce. Baba yana tsaye, kyamarar tana rataye, bai ɗaga ta ba.

Bai bar maganar ba sai da ya samo kwafin takardar. Ya kira ni zaure, na durƙusa. Na zaci zai yi faɗa, har na fi son ya yi. Ya gyara tabarau, ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a na uku.

"Fiddausi," ya ce, "duk cikinsu rubutunki ya fi kyau."

Ya linke takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko an sauke tuwo.