Angaren Kakata

Shekarun baya, lokacin da na dawo Gadarif daga karatu, babana ya bar mini salon, wato ɗakin baƙi na gidanmu, in gyara yadda nake so. Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da mafarki. Na rataye zanen gonar riɗi da wata ƙawata ta yi mini, na goge tsohuwar fitilar tagulla, na ɗora ta kan sanduƙi yadda haskenta zai sauka a hankali. Abu ɗaya ya rage: angaren kakata, gadon katako mai sassaƙaƙƙun ƙafafu da saƙar fata, wanda ta gada wurin mahaifiyarta.

Da na roƙe ta, dariya ta yi. "Ɗauki, 'yar boko. Amma ki sani ba kayan ado ba ne. A kansa aka kai Inna makabarta, a kansa aka kai yayata. Ni ma a kansa za ku kai ni."

"Haba Habboba, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar da ba a koya muku a Khartum ba."

Kowace Juma'a ita da kanta take shafe ƙafafunsa da man riɗi, ni kuma in gyara matasai, in kunna fitila, in zauna ina kallon ɗakin kamar wadda ta gina fada.

A farkon damina aka aiko daga Mafaza: ƙanwar Habboba ba lafiya, jiki ya yi tsanani, tana neman gadon Inna. Na ce, "Duk Mafaza babu angare ne?" Habboba ta dube ni. "Tsoro take ji, 'yar nan. In ta gan shi hankalinta zai kwanta. Ni da ƙarfina, zan jira shi."

Aka ɗaure shi a kan lori. Bayan tafiyarsa ruwa ya ɓarke, baƙar lakar nan tamu ta rufe hanya, mota ba ta shiga, ba ta fita.

A cikin makonnin nan zazzaɓi ya kama Habboba. Sau ɗaya kawai ta tambaye ni, "Hanya ta buɗe?" Na ce tukuna. Ta ce, "To, Allah ya sa ta samu sauƙi." Da ta rasu, a kan angaren maƙwabta aka fita da ita.

Da ƙasa ta bushe, lori ya tsaya a ƙofarmu. Aka sauke gadon, sai ga ƙanwarta ta sauko a bayansa, ta warke, tana dogara sanda. Ta zauna a bakinsa tana kuka. "Ni na riƙe mata shi," take ta faɗa.

Har yau yana salon, ƙarƙashin zanen. Baƙi sukan yaba tsarin ɗakin, su tambayi inda muka samo shi, in yi murmushi kawai. Ranar Juma'a ni nake shafa man riɗin yanzu. In na kunna fitila, haskenta kan ƙafafunsa yake fara sauka, inda hannun Habboba ya sa katakon ya yi duhu.