Ranar da Na Ce Mata "Ya Jiki?"

Ina da shekara arba'in da shida na sake rataya jaka na koma makaranta. Kafin nan na yi shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da 'yan firamare a cikin birnin Zariya, har na san yaran unguwarmu ta Kusfa da iyayensu da kakanninsu. Abin da ya tayar da ni kuwa kwalabe ne. Kullum na fito da safe sai in ga kwalaben maganin tari a kwatar da ke bayan gidajenmu, kuma na san daga inda ruwan kwatar nan yake gangarowa: daga cikin gida, wajen mata. Maza na zaune a zaure suna tsine wa samarin bakin kasuwa, abin kuwa yana bayan labulensu.

Da na ce zan koyi aikin ba masu shaye-shaye shawara, sai aka mayar da ni abin dariya. Wai shawara ma sai an je makaranta? Wace tsohuwa ce a birnin nan ba ta raba shawara kyauta tun daga asuba? Na ce ai shi ya sa, shekara nawa ana rabawa kwalaben ba su ragu ba. Masu cewa na tsufa kuwa na tuna musu gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ko gemun ba ni da shi.

Hanyar ba gajera ba ce. Takardar malanta da nake da ita ba ta isa ba, sai da na yi digiri a fannin ba da shawara, ina zarya tsakanin birni da harabar jami'a da ke unguwar Kongo duk hutun makaranta, ina zama aji ɗaya da waɗanda na koya wa baƙi da wasali. Bayan digirin aka ce saura kwasa-kwasai a kan shaye-shayen kansa: yadda ƙwaya take kama ƙwaƙwalwa, abin da jiki yake yi idan an yanke masa ita, yadda ake sauraron mutum ba a katse shi da wa'azi ba. Wannan na ƙarshen ya ba ni wuya, don bakina ya saba da aji. Sai kuma aikin gwaji a wata cibiya a wajen ganuwa, inda za ka riƙa ganin masu zuwa neman taimako a ƙarƙashin idon wani ƙwararre, yana sa hannu a littafinka. In babu hannun nan ba ka zama jarrabawar ƙarshe, in babu jarrabawar babu takardar shaida, in kuwa babu takarda ba wanda zai bar ka kai kaɗai da mara lafiya.

Mai duba aikina wata likitar halayyar ɗan Adam ce, ba 'yar birni ba, muna kiranta Dakta. Ranar farko ta miƙo mini takardar ƙa'idojin aiki ta ce in karanta in sa hannu. Ta ɗora yatsa a kan guda ɗaya.

"Malama, wannan ita ke kayar da mutane. Idan kin haɗu da wadda kike gani a waje, ba ki san ta ba, sai in ita ta fara yi miki magana."

Dariya na yi. Na ce, "Dakta, a cikin birni in kika wuce mutum ba gaisuwa, kafin ki kai gida an kai ƙararki wajen yayanki."

"To a kai," in ji ta. Na sa hannu ina ganin wannan ita ce mafi sauƙi a cikin ƙa'idojin.

Cikin waɗanda aka ba ni akwai wata matashiya mai ɗa guda. Takan zo da niƙabi, ta sauka daga napep tun da nisa ta ƙaraso da ƙafa. Tana ɗage niƙabin na gane ta: matar ɗan aminiyar mahaifiyata ce, wata tsohuwa da muke kira Gwaggo. Na karkatar da abin da ya kamata in karkatar a wannan rubutu, don haka kada wani ɗan birni ya wahalar da kansa da lissafin gidaje. Na gaya wa Dakta na san gidan. Ta tambaya ko 'yan'uwa ne mu. Na ce a birni in aka bi salsala ita kanta Dakta sai mun ɗaure ta da wani gida, amma dai ba jini tsakaninmu. Aka tambayi yarinyar ko a sauya mata wata, ta ce a'a, tunda na riga na ga fuskarta gara ni.

Abin da ta faɗa mini a ɗakin nan yana nan inda ta ajiye shi. Magana ɗaya kawai zan kawo, don ita ce tushen labarin. Ta ce, "Malama, ranar da Hajiya ta ji, na bar gidan nan. Kuma ba da ɗana zan fita ba." Gwaggo take nufi, ni kuwa na san Gwaggo, na san yarinyar ba ƙari ta yi ba.

Makonnin farko na barin maganin sun ba ta kashi. Na ga tana zufa tana rawar sanyi, na ga tana riƙe ciki, na ga ranar da ta kasa zama a kujera sai a ƙasa. Ana cikin haka aka yi suna a unguwar Gyallesu, a wani gida da ya haɗa mu duka. Da yamma na shiga, tsakar gida cike da mata, sai ga ta tsaye da ƙafafunta tana raba kwanonin waina, fuskarta ta ɗan ciko. Daɗi ya kama ni. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya tafi.

"Sannu 'yata. Ya jikin? Da sauƙi dai ko?"

Tun ina ƙarama aka koya mini cewa wanda ka san ba shi da lafiya, in ka gan shi ba ka yi masa ya jiki ba, ba ka da tarbiyya. Shekara arba'in da wani abu bakina yana wannan aikin, takarda guda da na sa wa hannu ba ta hana shi ba. Gwaggo kuwa tana zaune a kan tabarma dab da ƙafafunmu.

"Jikin wa?" in ji ta. "Wane ciwo ta yi da ni da ke gida ɗaya da ita ban sani ba, ke kika sani?"

Yarinyar ta ce, "Ciwon kai ne, Hajiya, ya wuce." Gwaggo ta dube ta, ta dube ni. Duk birni an san inda nake aiki, har suna aka raɗa masa, asibitin 'yan maye.

Ranar da ya kamata yarinyar ta zo cibiyar ba ta zo ba. Na zauna ina kallon kujerar da babu kowa, ina jin kamar in mari kaina. Magana zarar bunu ce. Ba wanda ya san abin da na yi a cibiyar, kuma da na yi shiru da Dakta ta sa mini hannu kamar kullum. Na tashi na ƙwanƙwasa ƙofarta na zayyana mata komai.

Ta rufe littafina ta ture shi gefe. Ta ce ba za ta sa hannu a aikin wannan zangon ba, sai na maimaita darasin riƙe sirri, kuma jarrabawar bana ta wuce ni. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce mata gaisuwa fa na yi, ba tallan yarinyar na ɗauka a ka ba, kuma wanda ya rubuta ƙa'idar nan bai taɓa shiga gidan suna a birnin Zariya ba. Ta bari na gama tas.

"Malama, ba ni kika yi wa laifi ba, ba kuma takardar ba," ta ce. "Ki je ki yi wa wadda ba ta zo yau ba wannan bayanin."

Na fito ina jin haushinta, na yini ina jin haushinta, don ta fi ni gaskiya.

Bayan kwana biyu, ana idar da sallar la'asar, na ji sallama a ƙofar ɗakina. Gwaggo ce da sandarta. Wanda ba ɗan birni ba ba zai san nauyin wannan ba: tsohuwa irinta ba ta takowa wajen 'yar cikinta, aike take yi a zo. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa, na durƙusa. Ba ta ko kalli ruwan ba.

"Ke, ni na yanke miki cibi," ta ce. "Ni na raka ki ɗakin mijinki. Ranar da uwarki ta cika, kanta a kan cinyata yake. Tambaya ɗaya na zo yi. Yarinyar nan tana zuwa wajenku?"

"Gwaggo, ba na faɗin wanda yake zuwa, ba na faɗin wanda ba ya zuwa."

"Ba duniya na ce ki gaya wa ba. Ni ce. Gidana ne, jikana ne take goyo."

"Na sani, Gwaggo."

"To rantse mini ba ta zuwa, in tashi in tafi."

Nan ne tarkon yake, kuma na gan shi. In na rantse na yi ƙarya da sunan Allah. In na yi rantsuwa a kan wannan, gobe wata uwar miji ta zo ban rantse ba, shiruna ya zama amsa. Kaina na ƙasa, gwiwoyina na ƙasa, amma na ji wani taurin rai ya taso mini wanda ban san ina da shi ba.

"Gwaggo, ki tambaye ni a kan matar liman, ki tambaye ni a kan 'yar da na haifa, amsar ɗaya ce. Ko ke kika zo wajenmu, ɗanki ya tsare ni da tambaya, abin da zai samu ke nan. Ke kika koya mini ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Ni za ki mayar wa magana? Lallai boko ya raba ki da kunya."

"Ki yi haƙuri, Gwaggo."

"Haƙurin ke nan, ko za ki faɗa?"

"Haƙurin ke nan."

Ta dogara sandarta ta miƙe. Na kai hannu zan taimaka mata ta kaɗe shi. Na bi ta har zaure ina Allah ya huci zuciyarki, ba ta waiwayo ba. Da na dawo ɗaki na ga ruwan yana nan yadda na ajiye shi, sai na zauna na yi kuka, don ina son matar nan kamar uwata. Amma ko a cikin kukan ban ji zan janye ba. Washegari yayana ya kira ni zaure ya ce in je in ba tsohuwa abin da take so a zauna lafiya. Na ce masa haƙuri zan ba ta kullum har in mutu, wannan kam tana da shi a wajena, ɗayan kuwa ba nawa ba ne balle in bayar.

Mako uku kujerar nan ba kowa. Ba ni da ikon aika mata, ba ni da ikon leƙa gidan, kiran waya ma ina tsoron wanda zai ɗauka. A mako na huɗu ina cikin rubutu na ga niƙabi a bakin ƙofa. Ta shigo ta zauna, ni kuma karon farko a rayuwata na iya riƙe bakina.

"Kwana uku Hajiya ta yi tana faɗa a tsakar gida," ta ce. "Wai ta taka har ɗakinki kin hana ta magana guda. A nan na san ba ki faɗa ba."

Ta gaya mini a makonnin nan ta koma wa kwalbar sau biyu don tsoro. Wannan nawa ne, ni na jawo, kuma haka na faɗa mata ba tare da na kawo zancen tarbiyya ko al'ada ba. Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗi.

"Malama, daga yau in kin gan ni a waje, ki wuce."

Na maimaita darasin tare da yara sababbin shiga. Na zauna jarrabawa shekara guda bayan abokan karatuna, na ci, Dakta ta sa hannu, takarda ta fito. Tana rataye a ofis, ƙuda na sauka a kanta kamar kowace takarda.

Gwaggo har yau ba ta amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa ba. Kwanan baya aka yi biki a unguwarmu, na shiga na tarar da su zaune wuri ɗaya, ita da surukarta. Na durƙusa na gaishe da tsohuwa, ta kau da kai. Na miƙe na bi ta gaban yarinyar, bakina cike da tambaya, na wuce kamar ban taɓa ganinta ba. Ina ji wasu mata a bayana suna cewa ji girman kai, tun da ta sami takardar nan ba ta ganin mutane. Su faɗa. Na nemi wuri na zauna na jawo kwanon shinkafa, daga inda nake ina hango yaron, ya yi wayo, yana riƙe da gefen hijabin uwarsa.