Ba Usta Garba Ne Ya Ƙona Injin Ba

Shekara bakwai ke nan da muka kai Usta Garba makwancinsa a nan Jidda, shekara goma kuma da aka ɓata masa suna. Mutuwa ta Allah ce, ba ni da ta cewa a kanta. Ɓata sunan kuwa aikin mutane ne, kuma tun ranar ban daina neman wanda ya yi shi ba. Na san labarin ya bi alhazai har Katsina, garinsu, inda 'yarsa Hajara take aure. Can ana cewa Garba bakanike ya ƙona babur ɗin Bature har mutumin ya karye. Shi ya sa na zaɓi in rubuto wa jarida da hannuna, yanzu da Allah ya sa na fara iya haɗa baƙi.

Ni haifaffen Jidda ne, sunana Isuhu. Shi kuwa ta Sudan ya biyo, ya yi shekaru a hanya, a can ya koyi kanikanci. Mun haɗu a wani gareji a Sharafiyya, shi yana gyara, ni ina tuƙa motar ɗaukar kaya. Mai garejin shi ne kafilinmu duka, wato mai tsaya mana a wurin hukuma, iƙamarmu, takardar izinin zama, tana hannunsa. Garba ya girme ni sosai. Mutane suna ce masa Usta, wato gwanin sana'a, ni Yaya nake ce masa.

A lokacin akwai wasu Turawa ma'aikatan kamfani da ke zaune wajen Abhur. Kowace Juma'a da sassafe nakan loda baburansu a mota, mu tafi duwatsun da ke gabas da gari. Wasan nasu ba tsere ba ne. Mutum zai hau dutse da babur a hankali, kamar akuya tana neman inda za ta sa ƙafa, wanda ya dafa ƙasa da ƙafarsa ya faɗi. Ni dariya abin yake ba ni. Garba bai taɓa yin dariyar ba. Ya ce babu abin da ke kashe inji kamar wannan wasan, domin baburan ba su da ruwan sanyaya inji irin na mota, iska ce kaɗai ruwansu. To ga inji yana kuka, ga babur ba ya gudu, ga ranar Jidda a ka. Ina iskar za ta fito?

Saboda haka ya kafa dokokinsa, kuma Turawan nan da ke ba da umarni a ofis suna bin su kamar ɗalibai. Kafin a hau, sai ya bi haƙarƙarin injin ɗaya bayan ɗaya da waya da burushi, ya fitar da yashi da busasshen laka. Duk wanda ya sauko daga dutse sai ya kashe babur, ya kai shi inuwar ƙaya, ya juya gabansa inda iska ke tasowa. Ba a zuba wa inji mai zafi ruwa. Na ga ranar da ya fizge gora daga hannun wani Bature, ya shanye ruwan a gabansa, ya miƙa masa gorar. Yakan kwance fulogi ya duba bakinsa. In ya yi kalar shayi da madara, lafiya. In ya yi fari kamar toka, an gama wasa ranar, ko da mai babur zai yi ta magiya.

Babbar dokar kuwa ta jarka ce. Irin waɗannan baburan ana haɗa musu fetur da baƙin mai a wuri ɗaya, baƙin man shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe in zafi ya yi yawa. Garba da gwangwanin tumatir yake awo, kuma ba ya barin kowa ya taɓa jarkar. Bai yarda da fetur ɗin gidan mai ba sai ya sansana, ya tace da ƙyalle. Bai yarda da gwangwani ba in ba shi ya huda shi ba. Ina jin a wurinsa na koyi rashin yarda.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sababbin baburan da littafi suke zuwa, da ɗan kofin roba mai layi-layi na awo. Ni da na fara karatu har ina alfaharin karanto lambobin. Amma na san abin da zai tambaya: wanda ya rubuta littafin nan, ya taɓa tsayawa a gindin dutse da hantsin bazara a ƙasar nan? Dutsen ma da muke zuwa, manyan motoci sun cinye rabinsa, an zuba shi a tituna da benaye. Ba na jin zai yi baƙin cikin dutsen. Abin da zai dame shi shi ne yadda kanikawan yanzu ke duba takarda kafin su duba inji.

Ranar da abin ya faru, zazzaɓi ya kwantar da shi. Na biya ta ɗakinsa da safe in ɗauki jarkar da ya haɗa tun Alhamis. Na same shi lulluɓe da bargo, haƙoransa na kaɗawa. Aka ce Bashir zai tafi a madadinsa. Bashir Bahaushen Sudan ne, shi ne na biyu a garejin. Har na kai ƙofa Garba ya kira ni.

"Isuhu, yau rana za ta yi zafi. Ka ce wa Bashir ya ƙara mai a jarkar kafin a hau."

"To, Yaya. Allah ya ƙara sauƙi."

"Kar ka manta, kai mai kan tukunya."

Ban manta ba. Muna isa gindin dutse na faɗa wa Bashir, da Larabci, domin ni da shi da Larabci muke magana. Na koma inuwar mota na zauna.

A hawa na uku, wani dogon Bature ya kai tsakiyar dutse, sai injinsa ya ƙame ɗif. Babur ya dawo da baya, ya danne shi, cinyarsa ta karye. Da aka buɗe injin washegari, cikinsa a bushe yake, ƙarfen ya karce kamar an ja shi a ƙasa. Kowa ya san jarkar wa ce. Kafili ya tsaya a tsakiyar gareji ya ce, "Halas, ya Usta," wato aikinsa ya ƙare. Garba yana jingine da bango, zazzaɓin bai gama sakinsa ba. Ya tattara sifanunsa ya fita. Kafili ya bar masa takardarsa don tsohuwar sanayya, amma babu garejin da ya sake ba shi inji. Ya koma facin taya a bakin hanya, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi bayan shekara uku.

Bashir ya hau kujerarsa. Daga ranar na sa masa ido. Shi kaɗai ya riƙe jarkar a gindin dutse. Shi kaɗai ya ci ribar abin. Kuma tun daga lokacin ba ya iya haɗa ido da ni. Ni mutum ne mai haƙuri, na ce zan jira, wata rana bakinsa zai suɓuce. Na zargi gidan mai, na bar shi. Na zargi Baturen da kansa, na bar shi. Bashir ne ban bari ba. Ranar jana'izar Garba ya miƙo mini hannu, na yi kamar ina gyara takalmi.

Sau da yawa nakan tsaya da mota wurin facin in tambayi marigayi.

"Yaya, tsakaninka da Allah, wa kake zargi?"

"Ina zargin tayar bayan nan taka. Miƙo mini famfo."

Abin da nake samu ke nan kullum. Na ɗauka tsoron fitina ne.

Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin manya bayan La'asar. Wani malami ɗan Zariya, Malam Sani, shi ke koya mana boko, mu direbobi da masu gadi da teloli, duk da furfurarmu. Watan jiya ya ce kowa ya rubuta kalmomin sana'arsa da Hausa, ya faɗi Larabcinsu. Na rubuta taya, na rubuta birki, na rubuta mai. Ya tsaya a kaina yana dubawa.

"Malam Isuhu, wane man?"

"Mai dai, Malam. Banzin."

"A'a. Man gyaɗa ma mai ne. Na shafawa mai ne. Baƙin mai ma mai ne. Larabawa sun raba musu suna, mu mun tara su a ɗaki ɗaya."

Wani tela daga baya ya ce, "Ku bar Isuhu, Hausarsa ta haihuwar Jidda ce, rabinta a teku take." Aka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Ni direba ne. Duk ranar da Garba ya ce mini mu tsaya mu sha mai, fetur yake nufi, abin da Larabawa ke kira banzin. A gareji kuwa da Larabci yake kiran baƙin mai, zait. Amma ran nan zazzaɓi ya mayar da shi harshen gidansu, ya ce mai. Mutumin da ya ce rana za ta yi zafi, wane mai zai ce a ƙara? In kuwa fetur aka ƙara a jarkar da aka riga aka haɗa, to an tsinke haɗin, an bar inji da ƙishi.

Kwana uku ina gaya wa kaina ai zait na ce. Amma wanda ya shekara goma yana zargin mutane ya san yadda mai kare kansa yake magana, kuma haka na ji kaina ina yi. Rana ta huɗu na je garejin Bashir. Na same shi a ƙarƙashin mota. Na yi sallama, ya fito yana goge hannu, yana kallona kamar ya ga ɗan sanda.

"Yau kuma wace rana? Ko takalminka ya gyaru?"

"Bashir, ran nan a gindin dutse, me na ce maka?"

Da Hausa ya ba ni amsa, abin da bai saba ba.

"Ka ce Usta ya ce a ƙara banzin. Na ce banzin? Ka ce banzin. Sau biyu na tambaye ka, ɗan'uwa."

"Me ya hana ka faɗa a gaban kafili?"

"Na je ɗakin Usta tun kafin a buɗe injin, na gaya masa. Sai ya ce, Isuhu a nan aka haife shi, ga uwa tsohuwa, ga mata da ciki. In kafili ya yaga takardarsa, wace ƙasa za a kai shi? Ƙasar da bai taɓa gani ba? Ya sa na rantse ba zan tayar da maganar ba. Yau kai ka tayar."

Zan faɗi gaskiya, ban fito daga garejin nan da wankakkiyar zuciya ba. Bashir bakanike ne, ba direba ba. Ya san ba a tsinka haɗi a rana irin wannan. In har ya tambaya sau biyu, to ya ji abin bai zauna ba. Me ya sa ya zuba? Na tambaye shi. Ya ce wa ya isa ya musa wa Usta a kan jarkarsa, ya ɗauka ko haɗin ya yi kauri ne. Zai yiwu. Zai yiwu kuma ya ga ƙofa ta buɗe, ya shige. Rantsuwar da ya ce an sa shi, wanda zai shaida yana kabari. Wannan ban sani ba, kuma na gaji da yin kamar na sani. Abin da na tabbatar shi ne nawa. Da na kwanta na bi ranar daki-daki, na ji kalmar tana fita daga bakina. Banzin na ce. Ina ma zargin tun tuni wani ɓangare na zuciyata ya sani, shi ya sa na riƙe Bashir da hannu biyu.

Na karanta wa Bashir wannan takarda kafin in aiko. Ya ce in cire inda na ce zai yiwu ya ga ƙofa. Na ce ba zan cire ba. Ya ce to in ƙara cewa ya zuba da hannunsa, kuma bai yi barci mai daɗi a kan kujerar ba. Na ƙara.

Idan na auna abin da ya rage na Usta Garba, ba shi da yawa a ido. Bai bar gida ba, bai bar gareji ba, sifanunsa ma an raba. Amma 'yar da matata ke ɗauke da cikinta a lokacin yanzu tana makaranta a garin da aka haife ta, uwata kuma a nan ta cika, a ɗakinta. Da sunansa aka sayi wannan, bai kuwa shawarce ni ba. Wani lokaci har haushinsa nake ji. Da ya zage ni sau ɗaya a bakin hanyar nan, da na ɗauki kayana da kaina. Ya ga ba zan iya ba, wataƙila kuma ya yi gaskiya.

Kafilin yana nan da rai, kuma iƙamata har gobe a hannunsa take. Ranar Asabar zan je in faɗa masa da bakina, abin da zai yi ya yi. Ku kuma mutanen Katsina, duk wanda ya san gidan Hajara ya kai mata jaridar nan, in ba ta karatu a karanta mata a gaban mutane. Mahaifinta ya haɗa jarkarsa daidai, ya aiko da saƙo daidai. Ɗan aiken ne ya karkatar, kuma sunansa Isuhu. Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya masa makwanci.