Ni Na Ɗauke Katakon Yaya Guifen

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, da hantsi, injin buga zobe ya kashe Yaya Tong Guifen a masana'antarmu ta Zhenjiang, ƙasar Sin. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. An gaya wa mijinta, Malam Ha, cewa tsautsayi ne kawai. Mako guda ke nan na kasa haɗa ido da shi.

Yaya, shekara ashirin da biyu kina buga 'yan zobban tagullar da ke riƙe allura a cikin kan wayar eriya, don kada ta zame. Zoben bai kai ƙwayar wake ba, amma injin da ke yanka shi da ƙarfin tan goma yake saukowa. Dokarki ɗaya ce: in zobe ya maƙale, a tokare bakin inji da guntun katako kafin a sa hannu.

Ba kya koyarwa da lallami. A watana na farko na miƙa hannu babu katako, kika zabga mini sifana a gwiwar hannu har ƙashi ya tsage. Nan take injin ya dira daidai inda na janye yatsuna.

"Au, kuka kake, Wenbo? Sakarai! Gara in karya maka shi da in kwashe shi a leda."

Da yamma ke kika kawo mini taliya da naman sa, kina zagina kina fifita mini.

Ran Talatar nan warin mai ya ishe ni, na ɗauki katakonki na tokare ƙofa don iska ta shigo. Zobe ya maƙale. Motar kaya na jira, mai kula da aiki na ta ihu. Kika ce, "Wane la'ananne ne ya ɗauki katakona?" Tsoron sifanarki ya sa na yi gum. Kika tokare da guntun ƙarfe. Birkin injin ya kuɓuce, ƙarfen ya tarwatse, tsininsa ya tsinke miki jijiyar wuya. Na danne da hannu biyu, jini na tsartuwa har fuskata. Kafin motar asibiti ta iso kin cika.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba 'yarki Yulan da dangi haƙuri.

Malam Ha, ni ne la'anannen da take tambaya. Bayan sallar Juma'a zan zo gidanka. Duk abin da ka yi mini, ba zan kare da hannu ba.