Jar Fitilar da Malam Ya Bari a Kunne

A gidanmu na Ƙofar Kibo akwai doka guda da ba ta da ɗaukaka ƙara: da ladan ya ɗaga murya, duk wani abu mai magana sai a kashe shi daga bango. Mahaifinmu, wanda mu ma 'ya'yansa Malam muke ce masa kamar yadda ɗalibansa ke yi, shi da kansa yake bi ɗaki-ɗaki yana latse soket a kan hanyarsa ta zuwa alwala. Ba ya faɗa, ba ya ɗaure fuska. Sai dai ka ji ƙit, mai labarai ya yi shiru a tsakiyar magana. Fanka kaɗai ta tsira, ita ma don ba ta da baki.

Cikin wannan gida kawunmu mai fatauci zuwa Legas ya kawo mana gem, a shekarun casa'in. Wani ɗan akwatin roba ne da ake jonawa da talabijin, da kaset rawaya guda, da abin dannawa biyu da muke ce wa hannu. Malam ya juya shi ya sake juyawa, ya tambaya ko caca ake yi da shi. Aka ce a'a. Ya ce to, tsakanin azahar da magariba kawai, domin da safe yana da ɗalibai a zaure, bayan magariba kuma lokacin karatunmu ne.

Wasan da ke cikin kaset ɗin na wani ɗan mutum ne mai takobi, yana ratsa daji da kogi da duwatsu, mataki bakwai, kowane mataki da dodonsa. Matsalar ita ce gem ɗin wancan zamani ba shi da tunani. Da an kashe shi ya manta komai, sai ka koma bakin dajin farko. Wasan kuwa ko gwani ne yana buƙatar sa'a uku da wani abu, la'asar kuma tana raba mana yinin gida biyu, kowane ɓangare bai kai haka ba. Saboda haka a lokacin duk gidanmu ba wanda ya taɓa wuce mataki na biyar. Yayyena maza sun yi iya dabararsu, har da rage ƙarar talabijin su yi likimo, amma Malam ba kunne yake bi ba, soket yake bi.

Ba a daɗe ba aka fara labarin sababbi. Ɗan wani abokin Malam da ke Tukur-Tukur aka kawo masa mai amfani da faifai, wanda mutanen ciki suke da fuska da gashi, har ma yana riƙe inda ka tsaya. Tun daga ranar namu ya zama tsohon yayi. Maza suka koma can da zama, in sun dawo su cika mu da surutu, suna yi wa namu kallon tsohuwar akwala. Na ji haushinsu ƙwarai, don jiya-jiya suke dambe a kan hannu ɗaya.

Sai ya rage daga ni sai Yaya, babbar yayarmu mace. Yaya tana da sikila. In damina ta kama, ciwon ƙashi kan kwantar da ita mako biyu, uku, wani lokaci har a kai ta asibiti a yi mata ƙarin ruwa. Ba ta iya doguwar tafiya, balle zuwa Tukur-Tukur kallon faifai. Tana kishingiɗe a tabarmar falo da bargo a ƙafa, hannun gem a cinya, ni kuma ina gefe ina ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ni. Tun ina ƙarama bakina ba ya rufuwa, Inna ma ta gaji ta sallama.

Yaya ta ƙware fiye da duk mazan nan. Ta haddace inda kowane rami yake, ta san lokacin da dodon kogi zai buɗe baki. Amma kullum tana tsakiyar mataki na biyar ko na shida sai a kira salla, Malam ya shigo, ƙit. Takan ajiye hannun, ta jawo buta.

Wata rana na ce mata, “Yaya, ke ba ki gajiya? Kullum daji ɗaya, kogi ɗaya.”

Ta ce, “Ke kin san ban taɓa gama zangon karatu ɗaya ba tare da na kwanta ba? Azumi ban taɓa kai talatin ba. Saukar ma ƙannena sun riga ni. Ni dai ina so in ga na kai ƙarshen wani abu, ko da wannan shirmen ne.”

Maganar ta soke ni.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi. Kwana uku ke nan da dawowarta daga asibiti, bayan hannunta har da sauran tabon allura. Ta fara ana idar da azahar, kuma ranar yatsunta kamar ba nata ba. Cikin 'yan rayukan da wasan ke ba ɗan mutumin, ba ta rasa ko ɗaya ba sai a mataki na huɗu. Adaftar da ke ba gem ɗin wuta ta yi zafi, na ɗauko maficin Inna ina yi wa adaftar fifita. Muka wuce na biyar. Muka wuce na shida, muka shiga wani wuri mai jan sama da ba wanda ya taɓa gani a gidanmu. Nan ladan ya gyara murya.

Yaya ta danna madannin tsayarwa, ɗan mutumin ya daskare da ƙafa ɗaya a sama. Muka ji takun Malam. Ban yi shawara da kowa ba na tashi na tsaya a gaban soket, mafici a hannu.

“Matsa,” in ji Malam, a hankali.

“Malam, don Allah. In aka kashe, mantawa yake yi. Saura kaɗan ta gama.”

“Salla za ta jira shi ke nan?”

“A'a, Malam, shi zai jira salla. Ga shi nan ya tsaya, ko motsi ba ya yi.”

Ya dubi allon, ya dubi Yaya. Ita ta sunkuyar da kai, ta riga ta fara laluben buta. Ina jin wannan ne ya karya masa zuciya, ba surutuna ba. Ya tambaya wanne ne mai magana a cikinsu, talabijin ko akwatin. Na ce talabijin. Ya miƙa hannu ya kashe talabijin daga jikinta, ya bar soket. 'Yar jar fitilar gem ɗin tana nan a kunne. Ya ɗan tsaya yana kallonta, sannan ya ce mu tashi mu yi salla, kuma kada ya ji an yi ta da gaggawa.

Ban taɓa yin la'asar mai tsawon wannan ba. Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana kan kada a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Muka kunna talabijin, ɗan mutumin yana nan da ƙafarsa a sama.

Malam ya dawo daga masallaci, maimakon ya wuce zaure sai ya tsaya a bakin ƙofar falo da carbi a hannu, wai yana neman tabaraunsa, alhali yana aljihunsa. Dodon ƙarshe ya cinye mata rai biyu. Da na ƙarshen ta kayar da shi. Na kurma ihun da ya fito da Inna daga madafa da muciya a hannu.

Allon ya yi baƙi. Sai wani rubutu fari ya fara hawowa a hankali, layi bayan layi, da ɗan kiɗa siriri. Ba boko ba ne, ba Larabci ba ne, irin rubutun mutanen da suka ƙera abin ne, kamar an zana ƙananan tagogi. Muka jira ko wani hoto zai biyo baya. Babu. Wata da watanni tana fama, abin da ke ƙarshen ke nan. Na ga fuskar Yaya ta fara sauyawa.

Malam ya ciro tabarau ya saka, ya matso ya durƙusa a gaban talabijin. Ya ɗora yatsa a kan gilashin yana bin layin ɗaya bayan ɗaya, da natsuwar da yake duba littafi. Duk mun san ko harafi ɗaya bai gane ba. Ita ma ta sani.

“Malam, me suka ce?” in ji Yaya.

Bai juyo ba. Ya ce, “Cewa suka yi kin gama. Sun ce sannu da ƙoƙari, ba kowa ke kawowa nan ba.”

Yaya ta ja bargo ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Daga cikin bargon ta ce, “Malam, ƙara karanta mini.”