Abin da Na Sa Malamar Lissafi Ta Goge

Na daɗe ina mataimakin shugabar wata makarantar 'yan mata a Fagge. Aikina shi ne tsara jadawali: wa zai shiga wane aji, da ƙarfe nawa, wa zai tsare ɗakin jarrabawa. Gidanmu na malamai ne da ma'aikatan hukuma, kuma an rene mu a kan cewa ba a yi wa kowa alfarma a wurin aiki. Ina alfahari da wannan hali sosai a lokacin.

Malamar lissafinmu 'yar ƙabilar Ibo ce, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ba ta da maraba da tamu. Madam kowa yake ce mata. Tana da ciwon suga tun tana yarinya, irin wanda sai da allurar insulin kullum. Takan zo da wani ɗan fulas mai ƙanƙara, kwalbar maganin tana ciki. In aka fita tara sai ta shige ɗakin ajiyar littattafai, ta soki ɗan yatsanta ta auna jini, ta ci ɗan abin da ta taho da shi. Ba ta ɓoyewa, ba ta kuma yi wa kowa zancen.

Wata shekara aka rarraba mana fom na sabunta bayanan ma'aikata. A ciki akwai tambaya: kana da wata naƙasa? Da takardun suka dawo teburina, sai na ga Madam ta zaɓi "eh" da fensir. A ƙasa ta rubuta buƙata biyu: kada a ba ta aikin da zai hana ta cin abinci a kan lokaci, kuma a bar ta ta riƙe jakarta duk inda take.

Na sa aka kira ta ofis.

"Madam, kuskure kika yi a nan ko?"

"A'a, Malam. Da sani na rubuta."

"Ai naƙasa makanta ce, ko gurguntaka, ko kurumta. Ke kuwa ga ki garau, kin fi mu kuzari ma. Mahaifina ya yi shekaru da suga, bai taɓa kiran kansa naƙasasshe ba."

"Baba ƙwaya yake sha ko allura?"

"Ƙwaya."

"To ba iri ɗaya ba ne, Malam. Ni jikina ba ya yin insulin ko kaɗan. In na yi allurar safe ban ci abinci a kan lokaci ba, sugan sauka yake yi, kuma ba ya jira."

Na ji ta, amma ban saurara ba. Abin da ke raina shi ne, in na ware ta, gobe mai hawan jini zai zo, jibi mai gyambon ciki. Sai na ɓullo mata ta wata hanya. Na ce don kare ta nake yi, wai in takardar ta je sama da wannan kalma, za ta bi ta har ƙarshen aikinta. Ta ɗauki magogi a kan teburina ta goge, ta zaɓi "a'a", ta miƙo mini da hannu biyu.

A zangon ƙarshe na sa ta tsaron jarrabawar 'yan aji shida. Dokata ce, ni na kafa ta, cewa mai tsaro ba ya shiga da jaka kuma ba ya fita sai an tattara takardu. Ran nan takardun tambaya suka makara. Jarrabawar da za a fara da safe ba a fara ba sai da lokacin fita tara ya wuce, kuma tun safe Madam tana cikin ɗakin da yara, jakarta tana ɗakin malamai.

Ina ofis wata malama ta shigo da sauri ta ce in zo. Na tarar da Madam tsaye a gaban allo, gumi ya jiƙe rigarta, hannunta yana rawa. Tana yi wa yara faɗa da Ibo, harshenta yana harɗewa, ita da ba ta taɓa ɗaga murya ba. Wasu yaran suna dariya, wasu sun gudu bayan aji. Ta yi taku biyu kamar za ta nufo ni, sai ta zame ta zauna a ƙasa. Na tsaya ban san abin yi ba. Inna mai sayar da abinci a bakin ƙofa ce ta ture ni, ta durƙusa, ta dama sukari a kofi ta riƙa ba ta kaɗan kaɗan. Ashe Madam ta daɗe da gaya mata abin da za ta yi in haka ta faru. Inna kuwa ta yarda da maganarta. Cikin 'yan mintuna idon Madam ya dawo, ta dubi yaran, ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska.

Kafin mako ya ƙare magana ta zaga Fagge. Yara sun kai gida cewa malamar lissafi ta zo aiki a buge. Da yake daga Sabon Gari take zuwa, inda ake sayar da giya, mutane ba su sha wahalar yarda ba. Wasu iyaye suka zo, shugaba ta kira taro. Wani Alhaji mai shagon atamfa, wanda 'ya'yansa uku suke makarantar, ya ce ko da ciwo ne, me ya sa ba ta sanar da hukumar makaranta ba tun farko?

Madam ta juyo ta dube ni.

Fom ɗin yana cikin durowata. Da an ɗaga shi a haske da an ga sawun fensirin. Abin da ake buƙata kawai in ce ta sanar, ni na hana. Amma shugaba tana gefena, iyaye suna gabana, kuma sunana na mai tsare doka ne. Na sunkuyar da kai ina jujjuya biro. Na ce, "Za mu duba lamarin." Ita kuwa ba ta tona ni ba. Ta ce ciwo ne, ta ba da haƙuri, ta zauna.

Ba a kore ta ba. Sai dai yara sun daina jin tsoronta, wasu har kwaikwayon tafiyarta suke yi in ta juya baya. Da aka yi hutu ta ajiye aiki.

Sai bayan shekara biyu na iya zuwa wurinta. Inna mai abinci ce ta kwatanta mini gidan. Bayan la'asar na hau A daidaita sahu daga Kwaciri, na sauka a bakin layinsu, na ƙarasa a ƙafa. Na same ta a barandar gidan yayanta, ta kafa allo, tana koya wa manyan mata 'yan kasuwa lissafi. Ta rame kaɗan. Ta sallame su, ta ba ni kujera, ta kawo ruwa.

Na shirya maganganu da yawa a hanya, amma abin da ya fito shi ne tambaya.

"Madam, wai shi wannan ciwo naƙasa ne?"

Ta yi murmushi. "Har yanzu kana kan maganar nan, Malam? Ni ma ban sani ba. Ranar da komai ya daidaita, ba na jin na rasa wani abu. Ranar da aka ɗauke wuta kwana uku, maganina yana neman lalacewa, sai in ce eh. Ba kalmar nake so ba. A fom ɗin nan ne kaɗai aka tambaye ni abin da nake buƙata."

"Ranar taron nan, ya kamata in yi magana."

"Ya kamata," ta ce.

Ba ta ce ya wuce ba. Sai ta tambaye ni yadda 'yan ajinta suka yi a jarrabawar ƙarshe. Na gaya mata yawancinsu sun ci lissafi. Ta riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, tana tuna wadda take tsoron aljabra da wadda take gaggawa, ni kuma ina ba ta labarin waɗanda na sani. Da aka fara kiran magariba ta rako ni har bakin titi, ta tsayar mini da abin hawa, ta ce in gaida mutanen gida.